Miliyan 282 ko Biliyan 2.33? Yadda Ake Auna Yunwa, da Dalilin da Binciken Abinci Ke Saɓa wa Juna

A shekarar 2024 an fitar da manyan rahotanni biyu kan halin abinci a duniya, dukansu da hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Na watan Afrilu ya ce a 2023 mutum kusan miliyan 282 a ƙasashe da yankuna 59 ne suka shiga matsanancin ƙarancin abinci. Na watan Yuli ya ce masu fama da yunwa a wannan shekarar sun kai kimanin miliyan 733. A cikin shafukansa kuma ya ƙara da cewa biliyan 2.33 ba su da tabbacin abin da za su ci, sannan sama da biliyan 2.8 ba su da halin sayen abinci mai gina jiki a 2022. Duk wanda ya ji waɗannan a labarai, dole ya tambaya: wanne za a ɗauka?

Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu. Tambayoyi huɗu aka yi, kowace da nata mizanin, sai aka sami amsa huɗu. Wannan matsala ta awo ita ce kuma tushen ruɗanin nan na yau a ce ƙwai na da illa, gobe a ce ba shi da ita.

Me ake nufi da wadatar abinci?

Ma'anar da manazarta ke aiki da ita an tsayar da ita ne a taron ƙoli kan abinci da aka yi a birnin Rum a 1996: kowa, a kowane lokaci, ya iya kai wa ga abinci isasshe, marar cutarwa, mai gina jiki, wanda zai ba shi damar rayuwa cikin ƙoshin lafiya da kuzari. Daga nan aka fitar da ginshiƙai huɗu. Abincin ya kasance akwai. Mutum ya iya samunsa, da kuɗi ko da noma ko da taimako. Jiki ya iya amfana da shi. Sannan hakan ya ɗore, ba yau akwai gobe babu ba.

Kafin nan, hankali ya fi karkata ga ginshiƙi na farko, wato tan nawa aka girbe. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ne ya girgiza wannan tunani a 1981, lokacin da ya yi nazarin yunwar yankin Bangal na Indiya ta 1943, wadda ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku. Hujjarsa ita ce shinkafar da ke yankin ba ta yi ƙarancin da zai bayyana irin wannan mace-mace ba. Farashi ne ya yi tashin gwauron zabo, ladan ƙwadago ya kasa bin sa, sai leburori da masunta da masu ƙananan sana'o'i suka mutu alhali akwai hatsi a kasuwa. Masana tarihi na ci gaba da jayayya kan girman giɓin amfanin gonar na wancan lokaci, amma darasin ya zauna: cikar rumbun ƙasa ba ta tabbatar da cikar tukunyar gida.

Alƙaluma huɗu, tambayoyi huɗu

Adadin miliyan 733 ba a same shi ta hanyar ƙirga mutane ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona, wato FAO, tana haɗa abin da ƙasa ta noma da abin da ta shigo da shi. Sai ta cire wanda aka fitar waje, da na iri, da na dabbobi, da wanda ya lalace, da wanda masana'antu suka yi wani abin da ba ci ba da shi. Ragowar a mayar da shi kalori a raba da yawan jama'a. Da yake ba a raba abinci daidai wa daida, ana duba binciken kashe kuɗin gidaje don a gano girman bambancin. A ƙarshe a kwatanta da mafi ƙarancin kalorin da mutum ke buƙata, wanda a matsakaici bai yi nisa da 1,800 a rana ba. Lissafi ne a kan lissafi, shi ya sa hukumar da kanta ta ce adadin na tsakanin miliyan 713 ne da 757. Wannan ma'auni kalori kaɗai yake gani. Wanda ya cika ciki da hatsi zalla shekara guda, a wurinsa ba mai yunwa ba ne. Ba ya kuma iya nuna wane gida ne abin ya shafa.

Biliyan 2.33 kuwa daga bakin mutane aka ji. Tambayoyi takwas ake yi, amsarsu e ko a'a, kan watanni 12 da suka wuce, kuma kowace tana ɗaure da rashin kuɗi ko hali, don kada a haɗa da mai azumi ko mai rage ƙiba. Ana farawa daga mai sauƙi: ka taɓa fargabar abinci ba zai isa ba? Ka kasa cin mai gina jiki? Ka koma cin nau'i kaɗan? Ka tsallake wani cin? A hankali har a kai ga ta ƙarshe: ka taɓa yini cur ba ka ci komai ba? Wanda ya tsaya a tsakiya yana matakin matsakaici, wanda ya kai ƙarshe yana mataki mai tsanani, kuma waɗannan na ƙarshe sun kai miliyan 864 a 2023. Raunin hanyar a fili yake. Wani kunya za ta hana shi faɗi, wani zai ƙara gishiri idan ya zaci tallafi na tafe, kuma kalma kamar "mai gina jiki" ba ta ɗaukar ma'ana ɗaya a kowane harshe.

Miliyan 282 na masu agajin gaggawa ne. Suna aiki da tsarin auna tsananin ƙarancin abinci da ake kira IPC, wanda aka fara a Somaliya a 2004, mai matakai biyar, kuma adadin na waɗanda suka kai mataki na uku ne zuwa sama. Ƙasashen da ke cikin rikici ko bala'i kawai ake dubawa, kuma yawansu na sauyawa, saboda haka kwatanta na bana da na bara ba tare da duba ƙasashe nawa aka haɗa ba kuskure ne da ake yawan yi. Mataki na biyar a faɗin yanki, wato ayyana bala'in yunwa, yana da sharuɗɗa uku: aƙalla kashi 20 cikin 100 na gidaje sun rasa abinci matuƙa, kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara na da tamowa mai ramarwa, kuma a kowace rana mutum biyu cikin 10,000 na mutuwa saboda yunwa ko cutar da ta haɗu da ita.

Na huɗun, wato biliyan 2.8, lissafin kasuwa ne: a nemo mafi arahar kayan abinci daga rukunoni shida da za su ba da kalori 2,330 a rana, a ga mutum nawa ne samunsu bai kai ba.

Abin da jikin yaro ke faɗa

Ma'aunin da ya fi kusa da gaskiyar jiki shi ne awon yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mizanin da ake kwatanta su da shi Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar a 2006, bayan bin diddigin yara kusan 8,500 a Birazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, dukansu masu shan nonon uwa a gidajen da ba a rasa kulawa ba. Abin da aka gano ya rusa wata tsohuwar hujja: a shekarun farko, yaran waɗannan ƙasashe suna girma kusan iri ɗaya. Idan rabin yaran wani yanki gajeru ne, ba a jingina abin ga gado.

Tsumburewa ita ce tsayin yaro ya gaza na shekarunsa har ya faɗa ƙasa da maki -2 a mizanin, wato ƙasa sosai da matsakaicin tsayin sa'o'insa. Alama ce ta rashi mai tsawo, galibi a kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu. Rama kuwa nauyi ne ya gaza na tsayi, tana zuwa da sauri, ita ce kuma ke kisa da sauri. A 2022 an ƙiyasta yara miliyan 148 sun tsumbure, miliyan 45 na da rama, miliyan 37 kuma nauyinsu ya wuce kima. Ko a cikin al'umma mai cikakkiyar lafiya, kimanin yara biyu cikin 100 za su faɗa ƙasa da maki -2, don haka tsumburewa ma'aunin al'umma ce. Ba kowane gajeren yaro ne mai tamowa ba.

Aikin awon na da wuraren tuntuɓe. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi a kan allo, mutum ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya miƙe gwiwoyi ya manna katakon ƙafa da diddige. Wanda ya wuce biyu a tsaye. Bambancin kwance da tsaye santimita 0.7 ne, kuma dole a gyara idan an saɓa. Gwiwa ta ɗan lanƙwashe, an yi wa yaro ƙarin tsumburewar da ba shi da ita. Babbar matsalar ma ita ce shekaru: inda babu takardar haihuwa, akan ce "shekara biyu" ga ɗan wata 20 da ɗan wata 28, alhali tsayin da ake sa ran gani a wajensu ya bambanta sosai. Mai duba ingancin bincike yakan fara ne da neman cunkoson yara a wata 12, 24 da 36.

"Me ka ci jiya?"

Nan ne ƙafar binciken ɗabi'ar cin abinci ta fi rauni. Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce a sa mutum ya tuno duk abin da ya shiga bakinsa cikin awa 24. Ƙwararren mai tambaya ba ya karɓar amsar farko. Yakan bar mutum ya jero abin da ya tuna, ya dawo ya tambayi abubuwan da aka saba mantawa kamar abin sha da ɗan abin taɓawa, ya bi lokaci bayan lokaci, sannan ya nemi yawa da yadda aka dafa, da kofi ko cokali ko hoto a hannunsa. Duk da haka mai da sukarin da ke cikin girki sukan ɓace, kuma abin da aka ci tare da wasu daga mazubi ɗaya ba a iya raba shi daidai. Yini ɗaya kuma ba ya wakiltar abin da mutum ya saba ci, shi ya sa ake maimaita tambayar a wata ranar da ba ta biyo ta farko ba. Binciken da aka yi bayan girbi da wanda aka yi lokacin da rumbu ya yi ƙasa za su ba da hoto biyu na gida ɗaya.

Akwai hanyar gwada gaskiyar amsoshin. Ana ba mutum ruwa mai ɗauke da wata alama marar illa, a riƙa auna fitsarinsa mako ɗaya zuwa biyu, a gano ainihin kalorin da jikinsa ya ƙona. Sau da yawa abin da mutane suka ce sun ci bai kai abin da jikinsu ya ƙona ba, kuma giɓin ya fi girma a wajen masu ƙiba. Ke nan kuskuren na karkata gefe ɗaya, kuma yawan mutanen da aka tambaya ba ya gyara irin wannan.

Saboda tsadar wannan aiki aka ƙirƙiri gajerun ma'aunai. Na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 yana da rukunoni goma: hatsi da saiwoyi, dangin wake, dangin gyaɗa da ƙwayoyin iri, madara, nama da kifi, ƙwai, ganyaye masu duhun kore, kayan lambu da 'ya'yan itace masu bitamin A, sauran kayan lambu, sauran 'ya'yan itace. Wadda ta ci daga biyar jiya, aƙalla giram 15 na kowane, ta haye. Ma'aunin ya samo asali ne daga abin da ake kira ɓoyayyar yunwa, wato ciki ya cika amma jiki na ƙishin sinadarin ƙarfe, aidin, zinc ko bitamin A. Kusan mace uku cikin goma a wannan rukunin shekaru na da ƙarancin jini a duniya, ko da yake ba duka ne daga abinci ba, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki na da nasu kason.

Tafiya tare ba ta nufin sanadi

Yawancin labaran "abinci kaza na jawo cuta kaza" daga binciken sa ido suke fitowa: a tambayi dubban mutane abin da suke ci, a bi su shekaru, a ga wa ya kamu da me. Matsalar ita ce mai yawan cin kayan lambu galibi shi ne kuma ba ya shan taba, yana motsa jiki, yana da halin zuwa asibiti. Ana ƙoƙarin cire tasirin waɗannan da lissafi, amma abin da ba a auna ba ba ya ciruwa.

Labarin sinadarin beta-karotin, wanda ake samu a karas da ganyaye, ya isa misali. An daɗe ana ganin masu yawansa a jini ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba. Da aka gwada a Finlan kan maza masu shan taba sama da 29,000, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su ƙwayar sinadarin wasu ba a ba su ba, sakamakon 1994 ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar sun fi kamuwa da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin a Amurka sai da aka dakatar da shi a 1996 saboda irin wannan sakamako. A ɗaya ɓangaren, gwajin da aka buga a 1991 ya tabbatar da cewa sinadarin folik, wani nau'in bitamin, na rage maimaituwar naƙasar laka da ƙwaƙwalwa a jarirai da kusan kashi 70 cikin 100, kuma a kansa ƙasashe da dama suka wajabta zuba shi a garin fulawa. Hasashen farko ya rushe, na biyu ya tabbata, kuma kafin gwaji ba wanda zai iya rantsuwa kan wanne ne wanne.

Gwajin ƙuri'a ma ba ya rasa aibu. Mutum ya san abin da yake ci, ba a iya ɓoye masa kamar ƙwayar magani, kuma kaɗan ne ke jure tsarin abincin da aka ɗora musu shekara da shekaru. Shahararren gwajin nan na Sifen kan abincin yankin Bahar Rum, mai mutum sama da 7,000, an janye shi a 2018 aka sake bugawa, bayan an gano ba a bi ƙa'idar ƙuri'a ba a wasu wuraren. Sai kuma batun wanda ya biya kuɗin aikin: takardun da aka tono a 2016 sun nuna wata ƙungiyar masana'antun sukari a Amurka ta biya masana a asirce kan nazarin 1967 da ya sassauta wa sukari ya ɗora laifin ciwon zuciya kan kitse.

Akwai kuma yadda ake faɗin lamba. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri, hayaƙi ko sinadarin adanawa a rukuni na ɗaya na abubuwan da ta tabbatar suna jawo sankara, inda taba take. Rukunin na nuna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba. Giram 50 a kullum na ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin 100, wato idan mutum biyar cikin 100 ne za su kamu a tsawon rayuwa, sai su zama kusan shida.

Inda masana suka rabu

Saɓani mafi zafi a yau kan abincin masana'anta ne mai sarrafawa da yawa, rarrabuwar da masani Carlos Monteiro na Birazil ya gabatar a 2009. Magoya bayanta na kafa hujja da gwajin da mai bincike Kevin Hall ya yi a Amurka, aka buga a 2019: mutum 20 suka zauna a cibiyar bincike mako huɗu, mako biyu kan abincin masana'anta, mako biyu kan wanda ba a sarrafa ba, an daidaita sukari da kitse da sauran sinadaran da aka ajiye musu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun ci ƙarin kalori kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. Masu suka na cewa mutum 20 a mako biyu ba su isa a gina doka a kansu ba, kuma rukunin ya haɗa lemon kwalba da burodin leda mai dusa da madarar jarirai a buhu ɗaya. Cewa wani abu na faruwa ya samu goyon baya mai ƙarfi. Ko laushin abincin ne da saurin haɗiyarsa, ko cunkoson kalori a ɗan ƙaramin loma, nan ake ci gaba da gwaji.

Kan tsumburewa, wasu na fifita ba da abinci da sinadarai kai tsaye. Suna nuna binciken ƙauyuka huɗu na Guwatamala daga 1969 zuwa 1977, inda mazan da suka sha kunu mai furotin kafin shekara biyu suka girma suna samun ladan aiki sama da na takwarorinsu da kashi 46 cikin 100. Wasu na cewa wannan bai isa ba: ƙiyasin mujallar Lancet na 2013 ya nuna ko an kai matakai goma da aka tabbatar ga kashi 90 cikin 100 na masu buƙata, tsumburewa za ta ragu ne da kusan kashi 20 kawai. An sa rai tsafta za ta cike giɓin, sai manyan gwaje-gwaje a Bangaladash, Kenya da Zimbabuwe suka nuna masai da wanke hannu da tace ruwa a matakin gida ba su ƙara wa yara tsayi ba. Fassarar da ta fi rinjaye ita ce matakan sun yi ƙanƙanta a muhallin da ƙazanta ta game ko'ina.

Fagen ya taɓa yin kuskure babba. Shekaru aka kwashe ana ɗaukar ƙarancin furotin a matsayin babbar matsalar yaran duniya, har sai da masanin abinci Donald McLaren ya nuna a 1974 cewa akasarinsu abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba.

Yadda abin ke taɓa mutane

Ma'aunin da gwamnati ta zaɓa shi ke jan kuɗinta. Mai kallon kalori zai zuba tallafi kan hatsi, adadin masu yunwa ya sauka a takarda, ƙarancin jini ya tsaya inda yake. Mai kallon tsadar abinci mai gina jiki dole ya kula da ƙwai, wake, ganye da hanyar kai su kasuwa kafin su lalace. Ana kuma iya samun uwa mai ƙiba da ɗa mai tsumburewa a gida ɗaya, domin kalori mafi araha daga sitaci, mai da sukari yake fitowa. Masu ƙiba mai yawa a duniya sun haura biliyan ɗaya a 2022.

Ga mai karanta labarin sabon bincike, tambayoyin da ke rarrabe tsaki da tsakuwa su ne: a kan mutane aka yi ko ɓeraye, sa ido ne ko ƙuri'a, mutum nawa na tsawon wane lokaci, kuma kashin da aka ambata na nawa ne cikin 100 tun asali. Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya da suka daɗe ba su motsa ba kaɗan ne: gishiri ƙasa da giram 5 a rana kuma mai aidin, sukarin da aka ƙara ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kalori, kayan lambu da 'ya'yan itace aƙalla giram 400, nonon uwa zalla wata shida na farko.

A wajen agaji, jiran kalmar "bala'in yunwa" na da tsada. A Somaliya an ayyana ta a Yulin 2011, an kuma ƙiyasta mutum kusan 258,000 suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da biyar, da yawansu tun kafin sanarwar. Shi ya sa tsarin IPC ya ce a tashi tsaye tun daga mataki na uku, shi ya sa kuma ake koya wa iyaye awon damtse da kansu da wani tef mai launi uku. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, a nemi tsakiyar damtsen hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a saki hannun ya rataya, a zagaya tef ɗin ba matsewa ba sakwarkwacewa. Ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, daga 115 zuwa ƙasa da 125, matsakaiciya. Sannan a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin ya zauna a duka biyun, a kai yaron cibiyar lafiya a ranar, ko da tef ɗin ya nuna kore.